Ɗigo Biyar Daga Kolokondé

Abin da na fara lura da shi da muka sauka a tashar Djougou shi ne ƙafafun masu zem. Kusan kowannensu ya naɗe ƙafar wandonsa ya ɗaure da igiyar roba, jar laka kuma ta bushe musu har ƙauri. Masu babur ɗin haya na Parakou ba sa yin haka. Na tsaya ina kallo har Gwaggo Ladi ta dungure min kai.

"Ke, ƙafar mutane muka zo kallo? Ɗauki jaka."

Tun da na dawo 'yan ajinmu suke damuna a lakwal: Saratu, wai da gaske jini kika ɗauko a jaka? Yaya garin yake? Me kuka ci? Kun dai san ni, da zarar mutum uku sun zuba min ido maganata ta maƙale. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Yaya Habiba, babbar yayata, tana aure a Kolokondé, gaba da Djougou. Mijinta doya yake saya a gonaki yana lodawa zuwa Nijar. Ɗanta na fari Usman ne. Tun yana rarrafe hannuwansa da ƙafafunsa suke kumbura, ya yini yana kuka. Aka ce sanyi ne, aka ce haƙori ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Kafin a gane amosanin jini ne, wanda mu a nan muke cewa emasi, jikinsa ya riga ya gaji. Bai cika shekara uku ba ya rasu. A damunar bana Yaya ta sake haihuwar namiji.

Maƙwabciyarmu a unguwar Titirou, nan Parakou, Madam Odile, a ɗakin gwajin jini take aiki. Da ta shigo yi wa Mama barka, sai ta fito da wata takarda daga ambulan. Takarda ce mai kauri, mai shan ruwa, an zana mata da'ira biyar, kowace kamar maɓallin riga. Ta ce a da sai an ɗebi jini a kwalba, a sa a ƙanƙara, a yi ta gudu da shi kar ya lalace. Yanzu ɗan tsire dunduniyar jariri kawai ake yi, a ɗiga a kowace da'ira, a bari ya bushe. A wurinsu sai a huda ɗan ƙaramin yanki a jiƙa, jinin ya saki takardar ya koma ruwa, na'ura ta karanta. Idan an san yaro yana da ciwon tun yana jariri, akwai maganin da ake ba shi kullum, da allurai, da abubuwan da uwa za ta kiyaye, tun kafin ciwon ya fara kayar da shi.

Mama tana fama da ƙafa, Baba ba ya barin kanti. Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ita ce mai zuwa suna.

"Gwaggonki kam goro za ta naɗe a ciki," in ji Madam Odile. Ta miƙo min takarda biyu, ɗaya ta ko-ta-kwana. "Ke zan ba. Abu uku za ki riƙe: ba rana, ba wuta, ba yatsa. Awa huɗu a inuwa, a kwance. Maimaita."

Na maimaita a hankali. Ta ce ba ta ji ba. Na sake.

Motar da muka shiga ta mutum bakwai ce, muka shiga mu goma, ban da kajin wani tsoho. Kafin mu fita gari Gwaggo ta san sunan kowa, da inda za shi, da dalilin da ya sa matar da ke gabanmu ta yi yaji. Ni ina gefen ƙofa, ambulan yana cikin jakar lakwal a ƙarƙashin ƙafata. Bayan mun wuce gadar Bétérou, inda mata suke tallar busasshen kifi, sai na ga wani jan layi yana gangarowa a hankali ta ƙasan kujera. Manjan da Gwaggo za ta kai gudummawa ne, murfin galan ya saki. Na zare ambulan ɗin, na rasa inda zan sa, sai na ɗora a kaina na ja hijabi na rufe. Haka na isa Djougou wuyana a sandare. Tsohon mai kaji ya ce wa Gwaggo 'yar nan tata akwai natsuwa, ko juyawa ba ta yi.

Mun kwana a gidan Hajiya Fati, ƙawar Gwaggo, 'yar Dendi. Gaisuwarsu ce ta fara ba ni mamaki. Mu idan an durƙusa an ce ina wuni, ina gajiya, yaya mutanen gida, an gama. Su bayan kalmomi sun ƙare sai a ci gaba da guna-guni, wannan ta ce "mm", waccan ta amsa "mm", suna yi murya tana raguwa har ta ɓace. Ni ban san inda ake tsayawa ba, na yi ta "mm" ni kaɗai har 'ya'yanta suka tuntsire da dariya. Ta ba mu wasa-wasa na garin doya da soyayyen wagashi, cukun nan na Fulani, ya fi na Parakou laushi. Da safe kuma, lokacin da mu muke shan koko, su har sun kirɓa sakwara. Na ci loma biyar cikina ya yi nauyi kamar na haɗiyi dutse.

A hanyar Kolokondé na gane amfanin robar nan. Da muka bar babbar hanya, laka ce take tashi daga taya tana hawa mutum. Sau biyu muka sauka muka taka. Takalmin Gwaggo ɗaya ya tsaya a cikin taɓo, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana yi wa mai zem faɗa da Hausa, shi yana ba ta haƙuri da yarensu na Yom, babu mai jin wani.

Mun isa an riga an raɗa suna: Ibrahim, ana kiransa Halilu. Yaya ta rame, amma da ta gan ni ta yi murmushi, ta tambaye ni da ido ko na zo da abin. Na taɓa jakata. Ɗakin jegonta kamar tanda yake. Akwai kasko da garwashi a ƙarƙashin gado, ana ta zuba turaren wuta, ga tukunyar ruwan wanka tana tafasa a bakin ƙofa tun asuba.

Mai gidan ita ce Iya, uwar mijin Yaya. Gajeriya ce, hannuwanta kamar na namiji, tana da zobe ɗaya na azurfa da ya nutse cikin yatsa. Ba ta zama. Jaririn kuwa ba ta kiransa komai sai "mijina". Ta dube ni sama da ƙasa ta tambayi Gwaggo, "Wannan bebiya ce?"

"Haka take. A ciki take maganarta."

Wajen fiɗar ragon suna jini ya fantsamu a farin mayafin Gwaggo. Ta ruga ta ɗauki moɗa za ta ɗebi ruwan tukunyar jego. Iya ta fizge moɗar.

"Ruwan zafi a kan jini? Ke da shekarunki! Ai kin dafa shi ke nan, har mayafin ya tsufa ba zai fita ba. Kawo nan."

Ta wanke da ruwan randa, ya fita tas.

Da yamma, bayan baƙi sun ragu, mijin Yaya ya yi wa Iya maganar takardar. Ta daɗe tana jujjuya ta, ta riƙe ta gefe-gefe yadda na roƙa. Ta ce ita ba ta taɓa jin an ɗauki jinin ɗan kwana bakwai an bar gari da shi ba. Wa zai taɓa shi a can? Ina za a zubar da saura? Ɗanta ya yi ta bayani. A ƙarshe ta ce, "Sau ɗaya. Ɗigo biyar ɗin nan da kuka ce. Ko rabin ɗigo aka ƙara, ni da ku ne."

Washegari da hantsi ungozomar asibitin garin ta zo gida, tun da mai jego ba ta fita. Ta ɗumama ƙafar Halilu a tafinta, ta goge, ta tsire gefen dunduniya da wani ɗan abu mai ƙara "ƙyat". Halilu ya tsala ihu. Iya ta fita daga ɗakin. Jinin ya taru kamar ƙwayar dawa, ungozoma ta kusanto da takarda, da'ira ta sha ta cika da kanta. Sau biyar. Na rubuta suna da ranar haihuwa da sunan uwa, na kai takardar ɗakin baƙi na kwantar a saman kabad, inda yara ba sa kaiwa.

A nan na yi kuskure. Aka ce in raka matan gida kai wa maƙwabta naman suna, na ji kunyar cewa a'a. Gida bakwai muka shiga, kowane da gaisuwarsa. Da na dawo na hau kujera na leƙa saman kabad, babu komai.

"Abinki kike nema?" Iya ce a bayana, fuskarta a sake. "Na taimake ki. A wannan damuna ko gishiri ba ya bushewa, ke kin sa abu a ɗaki mai sanyi kina jiran awa huɗu? Mota za ta tafi ta bar ku. Je ki ɗauka, ya bushe ƙayau."

A ɗakin jego na same ta, a kan murfin langa, murfin kuma a kan kasko. Da'irorin da na bari jajaye sun koma baƙi-baƙi kamar ƙanzo. Kusurwa ɗaya ta lanƙwashe. Takardar tana ƙamshin turare har cikin hanci.

Gwaggo ta leƙo ta kafaɗata. "Jini ai jini ne. Sa a ambulan mu kama hanya."

Gaskiya na so in yi hakan. Ba wanda zai ce laifina ne. Na ari wayar Gwaggo na tafi gindin mangwaron da ke bayan gida, nan kaɗai waya take kamawa. Madam Odile ta ce in faɗa mata launin. Na faɗa.

"Ah non, Saratu. Ya dahu. Ko kwana za a yi ana jiƙa shi ba zai saki ba. Kina da ta biyu, ko?"

"Ina da ita. Amma an ce sau ɗaya."

"To ki san yadda za ki yi. Idan kika taho da wannan, kin taho da takarda ce kawai."

Mijin Yaya ya tafi lodin doya tun safe. Gwaggo ta ce ita ba ta zo garin mutane ta ja wa 'yar wanta rigima da uwar miji ba, a bari sai bayan arba'in. Na san yadda bayan arba'in take. Ruwa zai cinye hanya, kaka ta zo, kowa ya shiga harkarsa, sai ranar da hannun yaro ya kumbura a tuna. Na koma wurin Yaya. Surukar gida ce, ba za ta iya buɗe baki ba. Ta juya fuskarta bango, tana shafa 'yan yatsun Halilu ɗaya bayan ɗaya.

Iya tana tsakar gida tana feraye doya. Na je na durƙusa a gabanta. Na daɗe a haka har gwiwata ta fara zafi, ita kuwa wuƙarta ba ta tsaya ba.

"Iya."

"Ikon Allah. Ashe bebiyar tana magana."

"Iya, takardar nan ta lalace."

"Ta lalace ko ta bushe?"

"Wuta ta taɓa ta."

"Ni na ga wuta ta ci ta? Ga ta nan lafiyarta lau. Ku 'yan lakwal komai sai kun mai da shi aiki. Na ce sau ɗaya, an yi sau ɗaya. Kin ji ihun da ya yi kuwa? Naman doya kika ɗauki ƙafar mijina?"

Matan gida sun daina abin da suke yi. Na ƙirga idanu sun fi goma. Sai na zuba ido a kan zobenta kawai, na yi magana da zoben.

"Jiya kin hana Gwaggo sa ruwan zafi a mayafi."

"To?"

"Kin ce idan zafi ya taɓa jini ya kama, ba ya fita. A can Parakou wanke shi za su yi daga takardar, Iya. Sai ya fita sannan na'ura take gani. Wannan ba zai fita ba."

Wuƙar ta tsaya. Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta kankara da'ira ɗaya da farce, ta tsoma yatsa a ruwan doya ta ɗiga a kai, ta murza. Ko launi bai motsa ba. Ta sake murzawa.

"Wato ni na dafa jinin mijina."

Gwaggo tana ta yi min alama da ido in ce a'a.

"E, Iya," na ce.

Wata daga cikin matan ta ce "La ila!" a hankali. Iya ta ajiye takardar a kan cinyarta ta daɗe tana kallo. Da ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Wancan ɗin, Usman, shekara biyu ina goya shi yana wannan ihun. Ba irin ganyen da ban dafa ba." Ta share wuƙar a zaninta. "Idan takardar ta ce yana da shi, akwai abin da za a yi? Ko faɗa kawai za a yi mana mu zauna muna jira?"

Na gaya mata duk abin da Madam Odile ta ce, maganin kullum da allurai, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ba warkewa ake yi ba, amma ana girma da shi.

"Tashi ki kira ungozomar. Amma ni zan riƙe shi. Kuma ɗaya ƙafar, kar a taɓa ta ɗazu."

Haka aka yi. Ta rungume shi a ƙirji, ta rufe ido, tana ce masa, "Yi haƙuri maigida, ni na ja maka." Wannan karon ban kai takardar ko'ina ba. Na kwantar da ita a kan kujera 'yar tsugune a zaure, na kife matankaɗi a kai saboda ƙuda, iska kuma tana shiga. Na zauna a gefe daga azahar. Aka kira ni cin abinci na ce a kawo nan. Iya ta ɗauko tabarma da sanda ta zauna a bakin ƙofa, kaza ko yaro duk wanda ya doso sai ta ɗaga sandar. Bini-bini ta tambaya, "Ya yi?" In ce da saura. Ta ce wannan takarda ta fi amarya son a lallaɓa ta. Mota ta tafi ta bar mu, Gwaggo ta yi ta mita. Dab da magariba na sa takardar a ambulan tare da 'yar jakar da ke tsotse danshi, na liƙe. Iya ta ce in kawo, ta tofa addu'a a bayan ambulan ɗin, daga nesa, don na ce ban da yawu.

A hanyar dawowa ruwa ya bi mu tun daga Djougou. Ambulan yana cikin leda biyu a ƙarƙashin hijabina. A wani shinge jandarma ya leƙo ya ga na dafe ƙirji da hannu biyu, ya tambaya da Faransanci me nake ɓoyewa. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce da ƙarfi, "Jini ne! Jinin jariri!" Matar da ke kusa da ni ta janye ɗanta ta fara salati. Dole na fito da ambulan na karanta wa jandarman abin da ke rubuce a kai, duk mota tana ji. Ya ce shi ma 'yar ƙanwarsa tana da emasi, ya tambayi inda ake samun takardar, ya rubuta a tafin hannunsa. Matar dai ba ta dawo kusa da ni ba har Parakou, na samu wurin miƙe ƙafa.

Madam Odile ta ɗaga takardar a hasken taga, ta juya bayanta ta ga jinin ya ratsa duka biyar, ta ce ya yi.

Sati biyu muka jira. Ranar wata Asabar da la'asar ta shigo da takarda a hannu, ba ta tsaya wasa da yara a ƙofa ba yadda ta saba. Halilu yana da shi, irin na Usman. Mama ta rufe fuska da mayafi. Madam Odile ta zauna ta rubuta sunan magani, da ranar da za a fara, da inda za a kai shi a Djougou a buɗe masa karne, wato katin asibiti, da alamomin da in an gani ba a jira gari ya waye. Shafi ɗaya cif, da Faransanci.

Baba ya ciro waya yana neman lambar mijin Yaya. Na san inda kiran zai same shi: a gona ko a kan mota, ya ji rabi, iska ta kwashe rabi. Ya dawo ya ce wa mata yaro yana da ciwo, shi ke nan abin da zai shiga ɗakin jego. A gidan kuma babu mai karanta shafin nan.

Ban taɓa katse Baba yana abu ba. Na matsa na durƙusa kusa da kujerarsa.

"Baba, don Allah kar ka kira. Ka bar ni in koma gobe in kai da kaina. In karanta wa Yaya da Iya layi-layi, har sai sun iya maimaita min."